Godiya ga Waɗanda Suka Tare Mana Gobara Tun Tana Cikin Silin

Idan gobara ta tashi aka kashe ta, kowa ya san wanda zai gode wa: wanda ya ɗebo ruwa, wanda ya ɓalle ƙofa, wanda ya fito da yara. Amma idan aka tare ta tun ba ta fito fili ba, sai maganar ta bi iska. A share ɗaki a kwanta, wanda ya yi aikin ya hau babur ɗinsa ya koma gida. Ban yarda a yi wa mutanen da suka taimake mu haka ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan kama sunan kowa ba, domin babu wanda ya yi don a ambace shi, kuma mutanen unguwarmu a Sandamu sun san su sarai. Zan faɗi abin da kowannensu ya yi, in kuma miƙa wa mai karatu ilimin da muka samu a hannunsu, tunda yaba kyauta tukwici.

Gidanmu irin gidajen nan ne da ake ta ginawa yanzu daga Sandamu har cikin Daura: bulo da siminti, rufin kwano, falo mai silin POP. Shekarun baya, da aka gyara wa mahaifiyarmu sashenta, an huda silin falon an binne ƙananan fitilu takwas, irin waɗanda ba a ganin jikinsu sai fuskarsu kawai. Kyau kam suna da shi. Duk wanda ya shigo gaida Hajiya sai ya ɗaga kai ya yaba. Abin da ido ba ya gani shi ne bayan fitilar, wanda ke zaune a cikin duhu tsakanin silin da kwano, wurin da ba mai leƙawa daga ranar da magini ya sauko.

Godiyata ta farko ga yarinya ce, 'yar ƙanwata, 'yar firamare da ke kwana wurin Hajiya. Wani dare cikin hunturu, bayan sallar isha'i, ta zo ta same ni ta ce, “Kawu, ina jin ƙaurin roba, kuma ba daga madafa ba ne.” Wasu daga cikin manya suka ce ƙila bola ake ƙonawa a bayan gida, iska ce ta kwaso. Yarinyar ba ta saki maganar ba. Ta kama hannuna har kusurwar falon ta nuna mini fitila ɗaya. Haskenta na rawa, farin zoben da ya kewaye ta ya koma ruwan ƙasa, kuma ga wani siririn baƙin tabo ya fara bin silin daga gefenta. A al'adarmu yaro ba ya ja da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma akwai wurin da nacewar yaro ke zama rahama, kuma ina roƙon iyaye su koya wa 'ya'yansu cewa idan hanci ya ji ƙauri, a faɗa, a sake faɗa, har sai an tashi an duba.

Godiya ta biyu ga maƙwabcinmu ce, dattijon da muke kira Baba tun muna yara. Kafin ka ce kwabo samarin gida sun cika bokitai, ɗaya har ya ɗauko tsani. Baba ya shigo ya ɗaga hannu ya ce, “Kada wanda ya watsa ruwa. Ku nuna mini inda ake kashe wutar gidan.” Ya sauke canjoba da hannunsa, sannan ya juyo ya tambaye ni, “Akwai sola a gidan nan?” Na ce akwai. Ya ce a kai shi wurin inbata, ya kashe ta, ya raba ta da batir. A wannan tambaya tasa akwai ceton rai. Da yawa daga cikin gidajenmu yanzu hanya biyu ko uku wuta ke shigo musu: ta gari, ta janareta, ta sola. Mutum zai kashe ɗaya ya ɗauka ya gama, alhali wayar da ke cikin silin tana nan da ranta. Wutar da ke yawo a wayoyin gida bolt 230 ce, kuma ruwa na ɗaukar ta ya kai wa mai riƙe da bokiti. Baba ya fitar da Hajiya da yara tsakar gida, ya sa aka tanadi yashi a kusa, sannan ya kira mai gyaran wutar da ya yarda da shi.

Shi ne mutum na uku, kuma a kansa maganata za ta fi tsawo. Daga Daura ya taso a cikin sanyin nan da ƙura, shi da yaronsa a kan babur, jakar kayan aiki a tsakaninsu. Bai yi cinikin kuɗi a waya ba, bai ce a bari sai gari ya waye ba. Ya gaida Hajiya har ƙasa, ya ɗaura tocila a goshi, ya gwada wayoyi ya tabbatar babu wuta, sannan ya buɗe ƙofar silin ya shige. Muna ƙasa muna jin motsinsa yana bin katako a hankali.

Da ya sauko, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya zube abin da ya kwaso. Ga fitilar, robar bayanta ta narke ta manne da waya. Ga guntun katakon da ke kusa da ita, gefensa ɗaya ya yi baƙi ƙirin. Ya danna shi da babban yatsa, ya ruguje, ya riga ya zama gawayi, kuma da ɗuminsa. Ga tarin tsummoki da leda da ɓawon gyaɗa da yagaggiyar takardar buhun siminti, sheƙar ɓera ke nan, an gina ta daidai kan bayan fitilar saboda ɗumi. Ga waya mai sawun haƙora, jan ƙarfenta a fili. Hajiya ta dubi kayan nan ta yi salati. Ya ce mata, “Hajiya, ku yi haƙuri, yau falon nan zai kwana a duhu. Gobe in Allah ya kai mu zan dawo.” Ta ce, “Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ko wata guda ne ma a kwana.” Bai tafi ba sai da ya raba layin fitilun falon da sauran gidan, ya sake hawa ya shafa kowane katako ya tabbatar babu inda ke ci a ɓoye.

Washegari ya cika alkawari, kuma a ranar ne ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce fitilun namu irin na da ne, masu ƙwan halojin, kowanne wat 50. Irin wannan ƙwai, mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama, kaɗan ne ke zama haske, kuma jikinsa na iya wuce digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Wasu ma an ƙera madubinsu ne musamman don ya tura haske gaba ya mayar da zafi baya, wato cikin silin. Fitila takwas wat 400 ke nan suna hura zafi a wurin da iska ba ta ratsawa. A bazara, lokacin da zafin garinmu ke haura digiri 40, abin da ke ƙarƙashin kwano ya fi haka nesa ba kusa ba. Da hunturu kuma komai ya bushe ƙayau. Katakon da ya daɗe yana shan zafi yakan gasu sannu a hankali, shekara da shekaru, har ya kai inda abu kaɗan ya ishe shi ya kama. Ya ce binne irin wannan fitila kusa da katako da tarkace daidai yake da ajiye garwashi a cikin rumbu a rufe.

Na tambaye shi me ya sa bireka ba ta faɗi ba, tunda aikinta ke nan. Amsar da ya ba ni ita ce abin da na fi so kowane mai gida ya riƙe. Ya ce bireka tana faɗuwa ne idan wutar da ke bin waya ta wuce kima, ko waya biyu suka haɗu. Amma zafin ƙwai bai dame ta ba, haka ma haɗin wayar da ya yi sako-sako. Ya nuna mini yadda aka yi haɗin namu: an murɗe waya da waya an naɗe da baƙin tef an jefar a kan silin. Zafi kan busar da tef ya saki, haɗin ya sassauta, wurin ya riƙa ɗumi yana tartsatsi, bireka kuwa tana zaune lafiya domin a lissafinta komai daidai ne. Saboda haka kada wani ya ce gidansa na da bireka, ya kwanta da ido biyu rufe.

Ya kuma ja hankalinmu kan silin kansa. POP daga jifsam ake yin sa, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jifsam ruwa ne da ke ɗaure a jikinsa. Idan wuta ta taɓa shi sai ruwan ya riƙa fita a matsayin tururi, ya jinkirta ta. Wannan kariya ce, amma kowace huda da aka yi don fitila ƙofa ce aka buɗe a jikin kariyar. Silin roba na PVC kuwa, wanda ya yi yawa yanzu saboda araha da saurin sakawa, narkewa yake yi ya zubo, hayaƙinsa kuma guba ne mai shaƙe numfashi. Ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai da ya faɗa: a yawancin gidajenmu bangon da ya raba ɗakuna a bakin silin yake tsayawa. Daga nan zuwa kwano fili ɗaya ne, daga falo har ɗakin kwana. Wutar da ta kama a saman falo tana iya bin katako ta isa kan masu barci kafin wanda ke ƙasa ya ga harshenta, ga tagogi duk an dasa musu ƙarfe saboda ɓarayi. Da ya faɗi haka na dubi ɗakin da Hajiya da jikokinta ke kwana, bango ɗaya ne tsakaninsa da fitilar da ta narke.

Akwai hanya mai sauƙi da zai iya bi. Ya canza fitila ɗaya, ya naɗa sabon tef, ya karɓi kuɗinsa, kowa ya yi murna. Ya ƙi. Ya ce, “Yallaɓai, in dai ni zan taɓa aikin nan, to duka zan kwance. In kuwa faci kuke so, sai dai ku nemi wani, ba na son a kira ni ta'aziyya a gidan da na yi wa aiki.” Magana ce mai nauyi, kuma na ji daɗinta har zuciya.

Ga abin da ya yi. Ya cire fitilun halojin duka ya sa na LED masu wat 6, haskensu bai gaza na da ba, takwas ɗin gaba ɗaya wat 48, abin da bai kai ƙwai ɗaya na da ba. Amma ya gargaɗe mu kada mu ɗauka LED ba ta zafi sam. Tana da ƙaramin akwatin da ke daidaita mata wuta, wanda masu aikin ke kira direba, shi ma yana ɗumi, kuma na banza yakan ƙone idan wuta ta zo da ƙarfi. Ya ɗaure kowanne a sarari inda iska za ta taɓa shi. Fitila biyu da aka huda musu wuri jikin katako, ya toshe hudar ya matsar da su. Ya ce kowace fitila akwai tazarar da masu ƙera ta suka rubuta a kwalinta, a bi ta, shi kuwa a aikinsa ba ya barin katako ko wani abu mai kamawa ya matso ƙasa da ɗani guda, kimanin santimita 20. Ya zare tsohuwar wayar ya ja sabuwa mai kaurin 1.5, wadda ita ce ta layin fitilu, ya zura ta cikin fayif don haƙorin ɓera. Kafin ya karɓi wayar a shago sai da ya kankare bakinta da wuƙa, domin akwai wadda ake shafa wa jan ƙarfe a sama, cikinta kuwa wani ƙarfen ne daban. Kowane haɗi ya ɗaure shi da kanekta mai ƙusa ya rufe a cikin akwatinsa. Ya ware wa fitilun birekarsu ƙarama mai amfiya 6, maimakon babbar da aka haɗa su da ita tare da soket. A ƙarshe yaronsa ya share cikin silin tas, ya toshe kafofin da ɓera da tsuntsu ke shiga ta ƙarƙashin kwano da ragar ƙarfe.

Ya kuma gaya mana akwai fitilun da ake ƙerawa musamman don jure gobara. Bayansu rufaffen ƙarfe ne, da wani sinadari da ke kumbura idan ya ji zafi ya toshe hudar, ana kuma gwada su a kan minti 30, 60 ko 90. Ya ce duk mai gina makaranta, asibiti, ɗakin kwanan ɗalibai ko bene, ya tambaye su, ko da sai an aiko daga Kano. Mintunan nan su ne tazarar da ke tsakanin fitowa da ƙafa da fitowa a kan makara.

Daga baya na fahimci cewa abin da ya faru a falon Hajiya ba na ƙauye ba ne kawai. A ranar 20 ga Nuwamba 1992, fitila mai tsananin haske da ta jingina da labule ce ta tayar da gobara a fadar Windsor ta Sarauniyar Ingila, ta lalata ɗakuna 115, aka shafe shekara biyar ana gyara. A Ostareliya, tsakanin 2009 da 2010, gwamnati ta ɗauki nauyin shimfiɗa abin tare zafi a cikin silin gidaje, aka yi aikin cikin gaggawa da hannun waɗanda ba su ƙware ba. Ma'aikata huɗu suka rasu, aka samu gobara sama da 200, kuma rufe bayan irin waɗannan fitilu na cikin abubuwan da suka jawo ta. Tarayyar Turai ta fara janye ƙwayayen halojin masu haska wuri ɗaya daga kasuwa a 2016, ta bi da mafi yawan sauran a 2018. Mu kuma a nan ba mu manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016 ba, ko ta babbar kasuwar Katsina a Maris 2021, da yadda dukiyar shekaru ta zama toka cikin sa'o'i. A birni ma ke nan, inda motar 'yan kwana-kwana ke kusa. Wanda ke Fago ko Karkarku ko Katsayal ya san cewa kafin mota ta iso, abin da maƙwabta suka iya yi shi ne abin da aka yi.

Tun muna yara malamai suka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe fitila idan za a kwanta, kuma dalilin da aka ambata shi ne ɓera na iya jan lagwani ya ƙone gida da mutanen cikinsa. Aci-balbal ta wuce, fitilar ƙwai ma ta kusa wucewa, amma ɓeran yana nan, ya koma silin yana gurgurar waya. Limamin masallacinmu ne ya tuna mana wannan, kuma shi ne na huɗu da nake gode wa. Da labari ya kai masa, ya roƙi mai gyaran wutar ya tsaya bayan sallar magariba ya yi wa jama'a bayani. Ya zo da guntun katakon nan da narkakkiyar fitilar, aka riƙa miƙa su hannu zuwa hannu a cikin sahu. Ya ce alamomi huɗu ne ba a yi musu jinkiri: ƙaurin roba, tabo a kewayen fitila, haske mai rawa, da ƙwan da ke yawan mutuwa a wuri ɗaya. Ya ce a sa a leƙa silin kafin hunturu ya kankama, a ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, a manna ƙararrawar hayaƙi mai batir a falo da hanyar ɗakunan kwana, a nuna wa matan gida da manyan yara inda ake kashe wuta da inbata, tunda su ne a gida yini guda. Ya ce a riƙe lambar gaggawa ta 112 tare da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa. Ya ƙara da cewa hukumar NEMSA na ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, SON kuma ita ke sa ido kan ingancin waya, don haka ba rashin kunya ba ne mai gida ya tambayi takardar mai aiki ko tambarin kaya. A makon nan maƙwabta da dama sun sa an hau silinsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da aka zo biya, ya lissafa kuɗin kaya da rasit ɗinsu, ya faɗi ladan aikin yini, ya tsaya nan. Na ce saura fitowar dare. Ya ce, “Wannan tsakanina da Allah ne, Hajiya uwa ce.” Na matsa, ya ƙi. Abin da ya yarda a yi kawai shi ne a sallami yaronsa da wani abu, domin shi ne ya sha ƙurar silin. Yaron nan ma ina gode masa. Ya fito fari fat da ƙura, idanu jajur, bai yi tsaki ko sau ɗaya ba, kuma na ga yadda maigidansa ke sa shi ya sake ɗaure ƙusa idan bai gamsu ba. Wanda ya koyi sana'a a irin wannan hannu ya dace.

Malam mai gyaran wuta, na san ba ka son a yi ta maganar. Amma ka taso cikin dare saboda mutanen da ba danginka ba, ka faɗi gaskiya a inda ƙarya ta fi sauƙi, ka yi aikin da ba mai gani kamar za a duba. Allah ya saka maka da alheri, ya sa albarka a hannunka da zuriyarka, ya tsare ka daga sharrin wutar da kake taɓawa kullum. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, ya bar mana irinku a unguwa. Liman, Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Ke kuma 'yata, Allah ya raya ki, ya sa ki zama mai faɗin gaskiya har girmanki. Ni da Hajiya da dukkan iyalanmu mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya kiyaye gidajen Sandamu da ƙasar Daura baki ɗaya, da kasuwanninmu da makarantunmu, daga gobara. Amin.